Ƙugiyar Mandawari

SHAFI NA 23

Masu cika mini waya da saƙo wai na cika jan rai, na ji, na kuma gode. Ku kuma da kuka yanke wa Umma Lauratu hukunci a sharhi, har da masu cewa dutse ne a ƙirjinta, ku gyara zama. Yau da ku nake.

*

"Ba nan ba. Nan. Bahijja, ki bar gaggawa mana."

Mikail ya janye yatsan ƙanwarsa daga fuskar tab, 'yar kwamfutar hannun da ke tsakaninsu. A zauren gidansu na Mandawari suke zaune bisa tabarma, hantsi ya ɗaga, ƙamshin miyar kuka na fitowa daga cikin gida.

Shafin intanet na hulunan gidan Malam Maharazu, mahaifinsu, Mikail ne ya gina shi da hannunsa, kuma tun da aka buɗe shi babu wanda ya taɓa sa hannu a ciki sai shi. Yanzu ya samu aiki a Fatakwal. Gobe da safe zai ɗauki hanya, ya kuma faɗa wa Bahijja ƙarara cewa in ya tafi ya tafi, Kano sai dai a labari. Shi ya sa yau yake damƙa mata ragamar shafin.

"Sa sunanki a nan. Kalmar sirri a ƙasa. Kada ki faɗa wa kowa, ko ni."

Ta rubuta tana kare allon da gefen mayafinta.

"To sarkin ɓoyo. Shiga."

Allon ya buɗe, rubuce-rubuce suka jeru ta ko'ina. Bahijja ta yi tsuru-tsuru.

"Yaya, wannan ai ba shafinmu ba ne. Ina hulunan?"

"Shi ne. Wannan ake ce wa dashbod. Masu saye ba sa ganinsa, mu kaɗai. Abin da suke gani shago ne, nan kuwa cikin gida."

"Au, tsakar gida ke nan. Ka ga da haka ka fara da tuni na gane."

Ya yi ɗan murmushi, na farko tun da ya zo.

"Duba hagu. Nan shafuka, nan kaya, nan rumbun hotuna. Waɗannan na ƙasa kuwa, masu riƙe da kwalliyar shafin da ginshiƙansa, ko da wasa kada ki taɓa sai hannunki ya faɗa."

"In na taɓa fa?"

"Ki ga shago ya koma fari fat, Baba kuma ya taso daga kasuwa ya same ki."

"Na tuba tun ban yi ba."

Ya buɗe shafin farko ya nuna mata madannai uku a sama.

"Wannan, Draft, ajiya ce. Kin rubuta, kin adana, ba wanda ya gani. Wannan, Preview, leƙe ne, ki ga yadda abin zai fito. Shuɗin nan kuwa, Publish, shi ne ƙofar gida. In kika taɓa shi magana ta fita, wanda ke Makka ma zai gani."

"Ba a dawo da ita?"

"Ana gogewa. Amma wanda ya gani ya gani. Ni ma duk abin da aka saki wayata sai ta sanar da ni."

"Zarar bunu ke nan."

"Yawwa. To karanta shafin, ki nemo abin gyara ki gwada hannunki."

Bahijja ta sunkuya tana bin layi-layi. Ba ta yi nisa ba ta ƙyalƙyale da dariya har tana dukan tabarma.

"Lafiya?"

"Yaya, karanta abin da ka rubuta a sama."

"Muna maraba da baƙi. Meye a ciki?"

"A bakinka ne baƙi. A rubuce ba ƙugiya a jikin harafin. Muna maraba da baki! Shekara da shekaru gidan Malam Maharazu na maraba da baki, duk duniya na kallo!"

Mikail ya matso da fuskarsa ya duba. Ya sosa ƙeya.

"Kwamfutar da na yi aiki da ita lokacin ba ta da haruffan."

"A dai ce haka."

"To gyara, malamar Hausa."

Ta danne harafin ta riƙe, mai ƙugiyar ya leƙo, ta zaɓe shi. Ta adana. Ta leƙa ta ga ya zauna daidai. Sannan ta ɗago ta dube shi, yatsanta na shawagi a kan shuɗin madannin.

"In taɓa?"

"Shafinki ne."

Ta yi bisimilla ta taɓa. Wayar Mikail ta yi ƙara a aljihunsa. Ita kuwa ta zaro tata da sauri ta buɗe shafin yadda kowane mai saye zai buɗe, ga shi nan ɓaro-ɓaro: Muna maraba da baƙi.

Harafi ɗaya ne fa tal. Amma da kun ga Bahijja, sai ku rantse gadar sama ta gina. Bakinta har kunne, ta ɗauki hoton allon, ta sake ɗauka, ta ji kanta ya yi girman da ɗankwalinta ke neman ya yi mata kaɗan. Ita ce 'yar da ake aika sayen zare, yau ita ce ta gyara wa gidansu baki a idon duniya.

Ana cikin haka muryar mahaifiyarsu, Umma Lauratu, ta taso daga tsakar gida.

"Bahijja! Ki ce wa wancan abinci na nan, kada ya huce."

Murmushin Mikail ya ɗauke kamar an ɗauke wuta.

"Kin ji ko? Wancan."

"Haba Yaya..."

"Na girma, na yi gemu, na yi digiri, har yau sunana wancan. In an yi mini karamci a ce yayanku."

"Ka san kai ɗan fari ne. Kunya ce."

"Kunya." Ya jinjina kai. "Bahijja, abokaina nawa ne 'ya'yan fari? Iyayensu mata sun daɗe da yar da wannan. Jiya na shiga na durƙusa na ce Anti, na samu aiki, zan tafi Fatakwal. Kin san me ta ce? Allah ya kiyaye hanya. Ko kai ba ta ɗago daga kan hular ba."

Anti yake ce mata. Tun da aka yaye shi aka kai shi Ƙofar Ɗan Agundi wurin kakarsa Iya Kande, a can ya tashi, a can bakinsa ya buɗe, ya ji ana ce wa Lauratu Anti shi ma ya kama. Ƙannensa duka Umma suke cewa, shi kaɗai ne bai taɓa ba.

"Iya Kande ce uwata," ya ce. "Ran da aka rufe ta aka rufe abin da ya ɗaure ni da garin nan."

"Ko sallama ba za ka shiga ka yi mata ba?"

"Na yi jiya. Ta amsa."

Bahijja ta dube shi. Ta san yayanta, ba ya magana biyu. In ya fita gidan nan a haka, shi da Umma sai dai gaisuwar Salla ta waya, ita ma ta bakin wani.

Ya miƙe yana kaɗe rigarsa, ya gyara zaman hular da ke kansa.

"Zan leƙa Ƙofar Ruwa in nemo bel ɗin mota. Ga aiki kafin in dawo. Shiga wajen kaya, ki buɗe Ƙugiyar Mandawari."

Ita ce hular da ta yi wa gidansu suna. Zanen Umma ne, ba ta gada ba, ba ta kwaikwaya ba. Wasu lanƙwashe-lanƙwashe ne da suka zagaye jikin hular, 'yan kasuwa suka ga sun yi kama da ƙugiyoyi suka laƙaba mata sunan. Irinta ce ma a kan Mikail.

"Hoton ya karkace, ki miƙe shi. Akwai kuma gurbin ma'anar zane, na bar shi fanko. Masu saye sun dame ni da tambaya. Ki tambaye ta, ke ƙila ta amsa miki. Ni in na tambaya bango na tambaya."

"To."

"Ki ajiye a Draft, kada ki saki. In na dawo in duba, sannan in cire sunana daga shafin gaba ɗaya ya zama naki."

Ya sa kai ya fice. Ko kallon ƙofar cikin gida bai yi ba.

*

Umma Lauratu na zaune a inuwar ɗakinta, ƙafafu a miƙe, tabarau a kan hanci, allura na shiga tana fita. Kwanon abincin da ta ajiye yana gefe a rufe.

"Ya ci?"

"Ya fita, Umma."

Allurar ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba.

Bahijja ta zauna kusa da ita ta buɗe tab ɗin, ranta a jagule. Ta shiga wajen kaya kamar yadda aka koya mata, ta buɗe hular, ta taɓa hoton. Jikin hular ne aka ɗauka a shimfiɗe, tun kafin a haɗa shi da kai, zanen ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu 'yan alamomi suka fito a samansa. Babu rubutu a jikinsu, sai kibiyoyi.

Wanne ne na miƙewa? Yaya bai faɗa ba.

Ta yi ta maza ta taɓa ɗaya.

Hoton ya juya, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, tamkar an kara shi a madubi.

"Wayyo, na ɓata!"

Ta kai hannu za ta mayar, sai hannun ya tsaya a iska.

Ta ƙura ido. Ta faɗaɗa hoton da yatsu biyu. Ta sake ƙura ido.

Ƙugiyar farko daga dama tana da ɗan dunƙulallen kai. Ta tsakiya ta miƙa hannu sama ta karya shi. Ta ƙarshe ta sauko ta lanƙwasa ƙafa. Bahijja ta yi makarantar allo, ta haddace babbaƙu tun ba ta iya ɗaura zane ba. Bakinta ya fara motsi da kansa.

"Min ara... ya... kaulasan... alu..."

Tsigar jikinta ta tashi.

"...lam jaye."

Allurar Umma ta faɗi a kan tabarma.

"Me kike karantawa?"

"Umma." Bahijja ta matso. Ta juyo mata da allon. "Wannan ba ƙugiya ba ce."

Umma ta kalli hoton sau ɗaya ta kawar da kai.

"Rufe abin nan."

"Sunan Yaya ne."

"Na ce ki rufe."

"Mika'ilu! Ga shi nan, Umma, harafi bayan harafi. A juye kika rubuta shi!"

"Bahijja, za ki ci gidanku. Wa ya aike ki juya hoto?"

"Wallahi kuskure ne."

"To ki mayar da kuskurenki inda kika ɗauko shi."

Ta lalubo allurar, amma zaren ya ƙi shiga. Ta gwada, ta sake gwadawa. Matar da ke zura zare ko ba tabarau, yau ta kasa.

Bahijja ta karɓi allurar ta zura mata, ta riƙe ba ta miƙa ba.

"Tun yaushe?"

Umma ta miƙo hannu, Bahijja ta janye allurar.

"Umma, don girman Allah. Tun yaushe?"

Umma ta cire tabarau ta goge shi da bakin zane. Ta daɗe tana gogewa, gilashin da ba abin da ya same shi.

"Tun ran da aka goya shi aka fita da shi ta ƙofar can," ta ce a hankali. "Ina tsaye a nan ina tankaɗe. Yana miƙo hannu yana kuka, ni kuwa ko waiwaye ban yi ba. Gida cike da surukai, in na waiwaya a ce yarinyar nan ba ta da kunya. Haka kakata ta rene ni, haka na tashi na gani."

"Sai kika..."

"Sai na shiga ɗaki na rasa inda zan sa kaina. Ga ƙyalle, ga alƙalami. Salla ta matso, na ce bari in yi masa 'yar hula. Na tashi zana fure, hannuna ya ƙi. Abin da bakina ba zai faɗa ba shi hannun ya rubuta."

"Me ya sa a juye?"

Umma ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta.

"Don 'yan kallo na yi? Ta ciki ake karanta shi. Ɓangaren da ke taɓa kai."

Hawaye suka zubo wa Bahijja. Umma kuwa, da ta fara sai ta kasa tsayawa, ta ɗago haɓa, muryarta ta sauya. Wallahi ban taɓa ganin alfahari ya zauna wa mace a fuska kamar yadda ya zauna wa Lauratu a wannan rana ba.

"Babanku ya ga 'yar hular ya ce in yi babba ya gwada a kasuwa. Kafin azahar an saye. Aka ce a ƙaro. Na ƙaro. Yau ki fita ran Juma'a ki tsaya a bakin titi ki ƙirga kawuna. Malamai, 'yan kasuwa, anguna, masu manyan motoci. Suna tafe suna taƙama wai ƙugiya suka sa." Ta yi wata 'yar dariya. "Ni da aka hana in kira shi a tsakar gidana, na sa Kano ta ɗauki sunansa a ka."

"Baba ya sani?"

"Babanku kuɗin hula ya sani. Iya Kande ce kawai ta gane. Ta juya 'yar hular ta duba cikinta, ta dube ni, ta sa masa a ka. Har ta koma ga Allah ba ta tayar da maganar ba."

Bahijja ta share fuska ta jawo tab ɗin. Ta gangara gurbin da aka bari fanko, ta fara rubutu, yatsunta na gudu.

"Me kike yi kuma?"

"Aikin da aka sa ni. Ma'anar zane."

"Kada ki kuskura!"

"Ajiya kawai zan yi, ba wanda zai gani. Ji abin da na sa." Ta karanta da ƙarfi. "Wannan zane ba ƙugiya ba ne. Suna ne a rubuce da ajami, a juye, don a karanta shi ta ciki. Lauratu ta Mandawari ce ta zana shi ran da aka yaye ɗanta na fari, kuma sunansa ne."

"Goge."

"Umma, gobe zai tafi."

"Na sani."

"Ya ce ba zai dawo ba. Ya ce tun da aka rufe Iya Kande ba shi da uwa a garin nan."

Maganar ta fita kafin Bahijja ta kama ta. Ta toshe baki, amma ina, bunu ya zaru.

Umma ba ta yi kuka ba. Fuskarta ce kawai ta faɗa lokaci ɗaya, kamar wadda ta tashi daga jinya.

"Haka ya ce?"

"Ki yafe ni, ban so in faɗa ba."

"Haka ya ce, nake tambayarki."

"Eh."

Ta kalli kwanon abincin da ke rufe. Miyar kuka da man shanu, abin da ya fi so tun yana yaro. Ita ta san haka ne ta hanyar tambayar Iya Kande a kaikaice, wai me yaran gidan ke ci.

"Jiya da ya durƙusa," ta ce, "in na ɗago kai, hawaye zai gani. Shi ya sa."

"To ki faɗa masa mana!"

"Da wane bakin? Bakin da ya shekara talatin a ɗinke, yau za a ce ya farke? Ko na buɗe ba abin da zai fito."

"Ni in faɗa masa."

"Sai ya ce ƙanwarsa ce ta tsara don ta tsayar da shi. Kin san halinsa, taurin kai kamar..."

"Kamar wa?"

"Ke dai ki kiyaye ni."

Bahijja ta yi dariya cikin kuka. Ta taɓa ajiya, allon ya nuna an adana.

"Shi ke nan, na ajiye. In ya dawo zan goge kafin ya duba, tunda haka kike so. Sirrinki ne."

Umma ta mayar da tabarau ta matso. Tun da take ba ta taɓa kallon allon nan da niyya ba, kullum cewa take abin yara ne.

"Yanzu wannan rubutun yana ina?"

"Yana cikin gida. Nan kamar tsakar gida ne, mu kaɗai ke gani."

"In ana so ya fita fa?"

"Wannan shuɗin. Shi ne ƙofa. Kada ki kai hannu kusa, Umma, taɓawa ɗaya ya wadatar."

"Wa zai gani?"

"Kowa. Har na Makka."

"Shi fa?"

"Shi ne ma farko. Wayarsa ke sanar da shi."

Umma ta gyara zaman tabarau. Daga wani gida can ana daka, taɓarya na sauka ɗaya bayan ɗaya. Ta sake bin rubutun da ido ko da yake bokonta bai yi nisa ba, ta tsaya a kan hoton, a kan haruffan da yau ne karo na farko da suka fuskanci duniya ta daidai.

"An ce uwa ba ta kiran sunan ɗan fari," ta ce kamar mai magana da kanta.

"Haka aka ce."

"Da baki."

"Na'am?"

"Bakina aka hana. Ban ji an ambaci yatsa ba."

Kafin Bahijja ta farga, yatsan nan mai kanta, wanda allura ta cinye wa fata, ya sauka a kan shuɗin madannin. Ba da gaggawa ba. Ta danna shi sosai, kamar mai dangwala a takardar zaɓe.

Allon ya ɗan yi juyi. Rubutu ya fito a sama: an saki.

"UMMA!"

"Meye na ihu? Ba haka ake yi ba?"

"Haka... haka ake yi."

"To. Miƙo min allurata."

Ta karɓa ta ci gaba da ɗinki, bayanta a miƙe, kai a ɗage. Sai dai duk ɗinkin da ta yi a wannan zama, daga baya farke shi aka yi, don ba ɗaya da ya hau kan zane.

Bahijja ta buɗe shafin a wayarta. Ga hoton, ga bayanin, ga sunan Lauratu ta Mandawari a fili. Da safe harafi ɗaya ta gyara ta ji kamar ta taka rawa. Yanzu ba ta kanta take ba. Kallon mahaifiyarta take, tana jin da za a tara matan duniya a ce ta zaɓa, wannan mai tabarau ɗin za ta sake nunawa.

Wayar ta fara ruri a hannunta. Yaya Mikail.

"Umma, shi ne."

"Kada ki ɗauka."

Ta katse. Ta sake shigowa. Ta sake katsewa.

Daga nan shiru.

Shirun ya fi kiran tayar da hankali. Bahijja ta leƙa zaure ta dawo, ta sake leƙawa. Aka kira azahar, suka yi salla, Umma ta daɗe a sujada fiye da kullum. Abincin ya huce, ta ɗauka ta ɗumama ta mayar da shi inda yake.

"Ƙila haushi ya ji," in ji Bahijja. "Ya ce kada in saki."

"Ba ke kika saki ba."

"Ƙila ya wuce masaukinsa."

"In ya wuce Allah ya kiyaye..." Ba ta iya ƙarasawa ba.

Sai ga ƙarar takalmi a zaure, mai sauri. Aka banko ƙofar langa-langa.

Mikail ne. Rigarsa da tabon baƙin mai, ba bel ɗin mota a hannunsa, ba komai. Kansa a buɗe. Hular na hannunsa a juye, cikinta a waje, ya damƙe ta da hannu biyu. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Sallamar ma da ƙyar ta fito.

Bahijja ta miƙe da sauri. "Yaya, wallahi ni a ajiya na sa..."

"Na sani. Ke ba za ki iya ba."

Bai kalle ta ba. Ya tako har bakin tabarmar ya zube a kan gwiwoyinsa. Umma ta sunkuyar da kai kan ɗinkinta, allurar na soka wuri ɗaya.

"A tsakiyar kasuwa na cire ta," ya ce, muryarsa a dishe. "Mai shagon da nake ciniki da shi irinta ce a kansa. Na gefensa ma haka. Na tsaya ina kallonsu kamar mahaukaci."

Ya ɗan matso a kan gwiwoyinsa.

"Tun ina yaro ban taɓa sa wata hula ba sai wannan. Iya Kande ba ta bari. Ashe..."

Ya kasa ƙarasawa. Ya miƙa hular a hankali ya ɗora a kan cinyarta, bisa ɗinkin, ta yadda ba ta da wurin kawar da ido.

"Na karanta. Amma ni ɗan boko ne, ajamina ba shi da ƙarfi, ƙila na yi kuskure."

Bahijja ta dafe ƙirji. Ƙarya yake, shi ya koya mata babbaƙu.

"Umma."

Allurar ta tsaya cak.

Bai taɓa kiranta haka ba. Tun da ya zo duniya bai taɓa ba.

"Umma, karanta mini. Da bakinki."

A hankali Lauratu ta ɗago kai. Wannan karon ba ta ɓoye hawayen ba, suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau suka ɗiga a kan hular. Ta dubi ɗanta ido cikin ido. Ta ɗora yatsa a kan harafin farko.

Ta ja numfashi.

Leɓɓanta suka haɗu.

Bahijja ta daina numfashi, don ba ta sani ba ko rufe bakin Umma ta yi kamar kullum, ko kuwa min ara, harafin farko na sunansa, ta fara.